Wuƙa, Wuri da Faifan Tangaran: Tarihin Hannun da ke Raba Karta

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata ƙaramar sana'a da zai yi wuya ka tarar da mai yinta tsakanin Kazaure da Babura. Mutum zai aika wa kamfani sunansa, ko hoton karensa, ko tambarin ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, su kuma su buga masa a jikin wani faifan tangaran da bai kai tafin hannu ba. Ba a cin abinci a kansa, ba a rataye shi a bango. Idan abokai suka taru a gidan ɗayansu da daddare suna irin kartar da ake kira foka, sai a ajiye faifan a gaban wanda rabo ya zo kansa. An gama zagaye ɗaya, a tura shi gaban na hagunsa. Iyakar aikinsa ke nan.

Wanda ya ji haka zai ce abin wofi ne, kuma ba zan yi masa dogon musu ba. Sai dai faifan nan amsa ce ga wata tsohuwar matsala da ta girmi Amurka, ta girmi ita kanta kartar: a duk wasan da ake ɓoye wani abu, akwai hannun da ke rabawa, kuma ba wanda ya taɓa yarda da hannun nan ɗari bisa ɗari.

Larabawan jahiliyya sun san wannan sarai. Cacarsu da Alƙur'ani ya kira maisir, ya yi magana a kanta a Suratul Baƙara sannan ya haramta ta a Suratul Ma'ida, da kibiyoyi goma ake yinta. A yanka raƙumi, a zuba kibiyoyin a jaka. Bakwai suna da rabo, daga kashi ɗaya har zuwa bakwai, uku kuma ba su da komai. Abin lura shi ne yadda suka ɗaure mai zaro kibiyar. Ba ya cikin masu wasan. Ana naɗe masa hannu don kada ya shafa ya gane kibiyar wane ce, sannan a tsayar da wani a bayansa yana sa masa ido. Ibn Ƙutaiba, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan caca da kibiyoyinta. Tun a wancan zamani ke nan an gane cewa mai rabo sai da mai tsaro.

Ita kuwa karta daga ƙasar Sin ta taso, ta bi ta ƙasashen Musulmi kafin Turawa su san ta. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai wasu katuna na zamanin Mamluk na Masar, waɗanda masanin tarihi Leo Mayer ya bayyana wa duniya a 1939. Gida huɗu ne: kofi, dinari, takobi, da sandar wasan folo. Kowane gida yana da sarki da na'ibai biyu, amma babu surar mutum ko ɗaya a jiki, sai zane da rubutun Larabci. Daga nan ta tsallaka teku. A 1377 hukumomin birnin Florence na Italiya suka kafa dokar hana ta, wanda ya nuna ta riga ta kama gari. Tarihin karta a Turai kusan da dokokin hani ya fara. Wajen 1480 Faransawa suka sauƙaƙa zanen ya koma ja biyu, baƙi biyu, don a riƙa bugawa da araha, kuma wannan zubin ne ya bi Ingila ya zagaye duniya har ya iso gindin bishiyoyinmu.

Foka kuma 'yar Amurka ce. A farkon ƙarni na 19 ta bayyana a New Orleans da jiragen ruwan da ke bin kogin Mississippi. Wani ɗan wasan kwaikwayo ɗan Ingila, Joseph Cowell, ya ba da labarin wasan da ya gani a cikin jirgi a 1829: mutum huɗu, kati ashirin, kowa biyar. A 1843 Jonathan Green, wanda ya ce shi tubabben ɗan caca ne, ya wallafa littafi yana fallasa dabarun maguɗin da ake yi wa matafiya a jiragen nan. Da yawa daga cikin dabarun a hannun mai rabo suke: ya zaro kati daga ƙasan tuli maimakon sama, ya riƙe na farko ya ba da na biyu, ya yi kamar ya cakuɗa alhali bai cakuɗa ba. A wurin da kowa baƙo ne, kuma kowa da makami a ƙugu, zargin maguɗi kan ƙare da gawa.

Maganin da suka samo shi ne kada rabo ya zauna a hannu ɗaya. Kowa ya raba, bi da bi. To amma dare ya yi nisa, an sha barasa, kuɗi sun taru a tsakiya, wa zai tuna wanda ya raba na ƙarshe? Sai aka riƙa ajiye wani abu a gaban mai rabo. Abin da aka fi ambata shi ne wuƙa mai ƙotar ƙahon barewa, irin wadda mazajen yammacin Amurka ke yawo da ita. Wanda ba ya son ɗaukar nauyin rabon sai ya tura ta gaba. An ce daga baya dalar azurfa ta maye gurbinta a wasu wurare. Shugaba Harry Truman, wanda mayen foka ne har ya buga da Winston Churchill a cikin jirgin ƙasa a 1946, ya ajiye ɗan allo a teburin ofishinsa mai nuni da wannan al'ada, cewa shi ba ya tura wa kowa alhakin da ya zo gabansa.

A 1931 jihar Nevada ta halatta caca, gidajen caca suka zama kamfanoni masu lasisi. Nan aka koma tsarin Larabawan da, ba tare da an san an koma ba: gida ya ɗauki ma'aikaci wanda aikinsa rabo kawai, ba ya wasa, ga shugabansa a tsaye yana kallon hannunsa, daga baya aka ƙara da kyamara a rufi. Da an bi hankali, da alamar mai rabo ta mutu a nan, tunda ga mai rabo na dindindin. Ba ta mutu ba, sai ma ta ƙara daraja, kuma dalilin yana cikin yadda ake wasan.

A nau'in fokar da ya fi yaɗuwa yanzu, Texas Hold'em, wanda 'yan cacar Texas irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim suka kai Las Vegas a shekarun 1960, kowa kati biyu ake ba shi a ɓoye, sannan a baje biyar a tsakiya kashi-kashi. Bayan kowane kashi ana zagayawa, kowa ya faɗi matsayinsa: ya ƙara kuɗi, ya biya abin da aka sa, ko ya ajiye katinsa ya fita. Mutum biyun da ke hagun mai rabo dole su zuba wani abu tun ba su ga katinsu ba. Shi kuwa mai rabo, da zarar an baje katin tsakiya, shi ne na ƙarshen magana. Ya ga wanda ya yi jinkiri, ya ga wanda hannunsa ya yi rawa, ya ji abin da kowa ya sa, sannan ya yanke shawara. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu a zauren dagaci ya san ribar mai magana a ƙarshe. Saboda haka ko da ma'aikaci ne ke raba katin, sai an san wane ne ke zaune a kujerar mai rabo a wannan zagaye, kuma sai kujerar ta zagaya kowa. Faifan ya tashi daga alamar wanda ake zargi, ya koma alamar wanda ke da rinjaye.

Kayan wasan su ma sun sauya. A ƙarni na 19 da ƙashi, da hauren giwa, da ɓawon kawa ake sassaƙa kwabban da ke tsayawa a madadin kuɗi a tebur. Matsalarsu, duk mai wuƙa da haƙuri zai iya sassaƙa nasa ya shigo da shi. Wajen shekarun 1880 aka fara matsa su daga wani haɗi mai yumɓu a ciki, kowane gida da tambarinsa. A tsakiyar shekarun 1980 aka fito da waɗanda ake kira na tangaran, kuma kamfanin Chipco na jihar Maine ne ya yi suna da su. Sunan yana da ɗan ruɗi. Ba tangaran ba ne irin na farar ƙasar Kankara da ake gasawa a wuta, ba kuma dangin tukwanen Ladi Kwali ba ne. Wani haɗi ne mai tauri, dangin roba, da ake zubawa a mazubi ya fito fari fes, mai sanyi a hannu da ƙara irin ta tangaran. Faɗin kwabo ɗaya milimita 39 ne, nauyinsa wajen giram 10, faifan mai rabo kuma ya fi shi girma don kada ya ɓace a cikin tuli. Amfanin farin jikin nan shi ne bugu. Ana buga zane a takarda da tawada ta musamman, a manna, a danna da zafi, tawadar ta zama tururi ta shige cikin jikin abin. Ba fenti ba ne da zai kankare, kuma ana iya cika fuskar duka har da gefe. Tun da ba sai an sassaƙa sabon mazubi ga kowane zane ba, ana iya buga ƙwaya ɗaya tak ga mutum ɗaya.

Saura masu saye, su kuma 2003 ce ta kawo su. Gasar foka ta duniya da Benny Binion ya fara a gidan cacarsa na Horseshoe a 1970 ta daɗe tana hannun ƙwararru. A 2003 wani akanta daga Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerarsa ta wasan intanet, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5, talabijin na nunawa. Bayan shekara uku masu shiga gasar sun kai 8,773. Duk wani ma'aikacin ofis ya ga kansa a jikin akantan nan. Aka share gareji da ɗakunan ƙasa, aka sayi tebur mai koren ƙyalle, aka sa ranar taro a mako. Doka ma ta ba da ƙofa: jihohin Amurka da dama sun yarda abokai su yi wasa a gida muddin mai gida ba ya yankar kamasho, haka ma dokar caca ta Birtaniya ta 2005. Mutumin da doka ba ta nemansa, maƙwabta ba sa zunɗensa, shi ne zai ga ya dace ya buga sunansa a kayan cacarsa, har ya ba aboki kyautarsa ranar aure.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar Kazaure ƙasar kan iyaka ce tun kafuwarta. Ɗan Tunku, wanda ya kafa ta, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan 1819, aka yi shekaru ana gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar masa da ƙasarsa, ɗansa Dambo ya gaje shi. Masarautar, wadda Roni da Gwiwa da 'Yankwashi ke cikinta, tana zaune tsakanin Kano da Daura da Katsina. Babura kuwa, wadda ke ƙarƙashin masarautar Ringim a yau, ta jingina da iyakar Nijar ta wajen Damagaram. Ƙasar hanya ce da kasuwa, ta fatake da 'yan ci-rani, kuma inda baƙi ke kwana da kuɗi a aljihu ba a rasa wasa.

Wasan dattawanmu dai dara ce, kuma dara ba ta da wannan matsala ko kaɗan. Gurbi talatin a ƙasa, shida sau biyar, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da duwatsu goma sha biyu. Komai a fili yake. Ba a cakuɗawa, ba a rabawa, ba abin da ke ɓoye sai abin da ke cikin kan abokin karawarka. 'Yan kallo sun kewaye, kowa alƙali ne, wani ma ba a tambaye shi ba yana ba da shawara. Shi ya sa malami zai iya wucewa ta wurin masu dara ya yi musu faɗan ɓata lokaci da jinkirta salla, amma ba kasafai zai kira su 'yan caca ba. Hausa ta ɗauki dara ta yi karin magana da ita, ana cewa dara ta ci gida, ana cewa in ana dara fid da uwa ake yi. Karta ba ta samu wannan gata ba.

Cacar da kakanni suka sani ta wuri ce. A watsa wuri a ƙasa, a ƙirga waɗanda suka faɗi a buɗe da waɗanda suka kife. A nan abin wasan shi ne kuma kuɗin. Wurin da ake kwasowa daga tsibiran Maldives a tekun Indiya shi ne kuɗin ƙasar Hausa. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Abin da 'yan cacar Amurka suka sha wahalar ƙirƙirowa, wato ƙananan abubuwa masu kama ɗaya da za a tara a ƙirga cikin sauri, mu kasuwa ce ta ba mu shi a shirye. Kuma mai watsa wuri a gaban kowa yake watsawa, hannu ya zagaya.

Turawa suka ci Kano a 1903, suka hana shigo da wuri, suka kawo anini da kwabo masu huda a tsakiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a shekarar da ta biyo, manomin ƙauye ya fara riƙe tsabar kuɗi da kaka. A wannan zamani ne karta ta zauna da gindinta, kuma ta zauna a bariki: wurin soja da ɗan sanda, da lebura, da direba, da yaran Turawa, da tashar mota. Sojojin da suka dawo daga Bama bayan 1945 sun ƙara wa rayuwar bariki armashi. Sunan da karta ta samu a can bai rabu da ita ba har yau. In aka ce wane ɗan karta ne, ba ana yabon ƙwaƙwalwarsa ba ne, ko da kuwa ya iya riƙe duk kubi da zi da suka fita tun farkon wasa. Uba ba ya son jin haka game da mai neman 'yarsa.

Daga baya wot ta shigo, wadda wani ɗan Ingila, William Henry Storey, ya fito da ita a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta. A ƙasarta ta asali an kusa mantawa da ita, a Nijeriya kuwa ta zama 'yar gida. Da'ira, kuros, alwatika, murabba'i da tauraro, babu sarki babu sarauniya. Ɗaliban makarantun kwana, da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da samarin majalisa a bakin titi, duk sun san ihun "ɗauki biyu" da "janar maket" da "las kad". Ita ta ɗan wanke kati a idon iyaye, don ana yi mata kallon wasan yara kamar lido, ko da yake wanda ya so caca da ita zai yi.

To su 'yan kartarmu yaya suke yi da hannun mai rabo? Suna da nasu magani, ba ya buƙatar sayen komai. Mai rabo ya cakuɗa a gaban kowa, ya miƙa wa wani ya yanka. In ba a yarda ba a ce ya sake. Rabo yana zagayawa, ko kuma a ɗora wa wanda aka ci, ya zama ɗan horo da abin tsokana. Ba a mantawa da wanda ya raba na ƙarshe, domin mutanen nan tare suka tashi, kowa ya san gidan kowa, ga 'yan kallo a tsaye da ba sa barin kuskure ya wuce. Wuƙar kogin Mississippi kayan baƙi ce, na mutanen da ba su san juna ba kuma ba za su sake haɗuwa ba. A tabarmar da aka shimfiɗa a Roni ko Gwiwa, wanda aka kama yana zaro kati daga ƙasa gobe ma a garin zai kwana, kuma sunan zai bi shi har wurin ɗaurin auren ƙanwarsa. A ganina wannan ya fi kowane faifai tsaro.

Sannan ga doka. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ya riga ya hana buɗe gidan caca. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, kuma a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Caca ta zama laifin da ake gurfanar da mutum a kansa gaban alƙali, 'yan Hisba kuma suna kai samame, suna kwashe kati da kuɗin da suka tarar a tabarma a matsayin shaida. Karta ta rabu gida biyu. Akwai ta nishaɗi, wadda ake yi a fili ba kuɗi, da tsohon katin da ya yi laushi har an san wasu ta bayansu. Ba wanda zai kashe ko sisi ya yi mata ado. Akwai ta kuɗi, wadda ake yi a kango ko bayan gari, kayanta kuma dole su zama abin da za a cusa a aljihu ko a watsar a ruga. Faifan da aka buga wa sunan mai gida da hotonsa ba shi da wurin zama a ɗayan biyun. A ta farko almubazzaranci ne. A ta biyu kuwa mutum ya rubuta wa mai gabatar da ƙara takardar shaida da hannunsa.

Ba wai fasahar ce ba mu da ita ba. Injin da ke danna hoto a jikin faifan foka ɗan'uwan wanda ke cikin shagunan buga takardu na Kano ne, inda ake buga hoton ango da amarya a kofi da faranti da maɓallin makulli, da fuskar ɗan takara a hula da riga in zaɓe ya ƙarato. Tawada iri ɗaya, zafi na wajen digiri 200, farin jiki mai shan launi. Uwar amarya daga Kazaure za ta shiga mota ta yi tafiyar kilomita tamanin zuwa Kano ta yo odar kofuna ɗari da sunan 'yarta, ta raba wa mata ranar walima. Mu ma muna son ganin sunanmu a jikin tangaran. Abin da muke yarda a gan mu da shi ne ya bambanta.

Ita kuwa caca ba ta jira kowa ba. Dokar caca ta ƙasa ta 2005 ta ba kamfanoni lasisi, cacar ƙwallo ta bazu, Bet9ja da takwarorinta suka shiga wayar kowane saurayi mai data. A watan Oktoba na 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, a watan Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca, ba tarayya ba. Ana iya garƙame shago, amma yaron da ke kwance a ɗakinsa a Babura yana zaɓen wasannin Ingila da Sifaniya ba ya buƙatar shago, ba ya buƙatar tabarma ko abokin zama. A fokar intanet ma faifan yana nan, ɗan zane ne fari da ke tsalle daga kujera zuwa kujera a fuskar waya. Mai cakuɗa katin kuwa manhaja ce a wata kwamfuta a wata ƙasa, ba mai miƙa maka ka yanka, ba kuma wanda zai ce a sake.